Katifar hai-jom da mai kushin ya ɗinka mana a Na'ibawa, bayan zango biyu ga abin da na gani

Tun ranar inta-haus ɗin makarantarmu, wato gasar wasanni tsakanin rukunonin ɗalibai, malamai 'yan uwana suke ta kirana a waya, wai ina muka samo wannan jibgegiyar katifar da yara suke faɗawa a kai, nawa aka saya, daga Legas aka kawo ko daga waje. To ba daga ko'ina aka kawo ta ba, a nan cikin garin Kano aka ɗinka ta, wani mai kushin ne a wajen 'Yan Katako na Na'ibawa ya yi mana, kuma yanzu zango biyu kenan muna morarta, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi. Ba zan kama sunan shagon ba saboda akwai inda zan ɗan caccake shi, kuma mutumin dattijo ne, har yanzu muna gaisawa.

Ni malamin wasanni ne a wata makarantar kuɗi ta sakandare, bana shekarata tara a wurin. Duk tsawon shekarun nan in lokacin inta-haus ya zo yashi muke sa a zubo mana, rabin tifa, a baje shi a bayan azuzuwa, a kafa katako biyu da aka jera wa ƙusoshi, a ɗora gora ko bututun roba, shikenan an haɗa filin tsallen sanda, hai-jom kamar yadda yara suke cewa. Kuma ba mu kaɗai ba ne fa, kusan duk makarantar da na shiga haka ne, wasu ma tsofaffin katifun 'yan kwana suke jibgawa waɗanda sun riga sun lotse sun koma kamar tabarma. A kan yashi salo ɗaya ne yake da lafiya, almakashi, ka taho a karkace ka ɗaga ƙafa ɗaya ka biyo da ɗayar ka dira a tsaye. Da shi muka taso, shi nake koyarwa.

Sai bara wani ɗan aji biyar, dogo ne siriri kamar sillen kara, ya je ya kalli bidiyon Mutaz Barshim ɗan ƙasar Katar a wayar yayansa, bai gaya wa kowa ba, ranar atisaye kawai na ga yaro ya taho da gudu ya yanko kwana ya juya wa sanda baya ya tashi sama. Wallahi tashin ya yi kyau, ban taɓa ganin ɗalibina a can sama haka ba, amma saukar fa, ji kake tim, da kafaɗa da ƙeya a kan yashin da rana ta busar ya daskare. Ya ɗan jima ko motsi bai yi ba, ni kuwa gabana ya yanke ya faɗi, har na fara hango kaina a bayan kanta. Allah ya taƙaita, targaɗe ne a kafaɗa, amma washegari mahaifiyarsa ta zo har ofis ta dube ni ta ce "Malam, karatu na kawo shi ko karaya?" Ba ni da ta cewa sai ban haƙuri. A ranar mai makaranta ya ce ko dai a soke tsallen kwata-kwata ko a nemo katifa.

Na zaga shagunan kayan wasanni na Sabon Gari kusan guda biyar. Ƙwallo akwai, jesi akwai, kofuna da mindodi kala-kala, usur, raga, amma katifar tsalle babu, sai dai su ce a bari su buga Legas a yi oda. Kuɗin da aka yanka min da na kai wa mai makaranta dariya kawai ya yi ya ce "Malam ai wannan kuɗin rufin aji guda ne." Wani malamin lissafi ne ya ce min wai kai mene ne katifar nan in ba soso da tampol ba, ka je wajen masu kujeru mana, ya yi min kwatancen wanda ya yi wa ƙanwarsa kujerun aure.

Ranar da na je na tarar da shi yana yanka soso da wata doguwar wuƙa, yaransa huɗu suna ta buga ƙusa. Na zana masa abin a takarda na faɗi tsayi da faɗi, ya ajiye wuƙar ya ce "Malam wannan gadon na mutum nawa ne?" Na ce Alhaji ba ta kwanciya ba ce, ta faɗuwa ce. Sai na ciro waya na nuna masa tsallen Javier Sotomayor ɗan ƙasar Kyuba, wanda ya yi a garin Salamanca na Sifaniya ranar 27 ga Yulin 1993, mita 2.45, wanda har yau ɗin nan da nake rubutu shi ne tarihin duniya na maza, sama da shekara talatin ba wanda ya taɓa shi. Ya kalla sau biyu ya ce to mita biyu da arba'in da biyar ɗin nan ƙafa nawa kenan, don su da ƙafa da inci suke aiki. Na ce ƙafa takwas da ɗan ɗoriya. Bai yarda ba. Ya sa yaro ya ɗauko tef ɗin awo, ya hau benci da kansa, ya ja layi da alli a jikin bangon shagon, layin ya wuce saman ƙofa nesa ba kusa ba, muka ja baya muka tsaya muna kallonsa shiru kamar masu duban wata. Ɗaya daga cikin yaran ya ce ai Oga da sanda mai lanƙwasa suke dogarawa, na ce a'a wancan wani wasan ne daban, wannan ba komai a hannunsa, kuma doka ma ta ce da ƙafa ɗaya za ka tashi, in ka tashi da biyu ba a ƙirga maka. Da na ga hular Pillars a rataye sai na ce masa Alhaji ka san turken raga na filin wasan Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda gola yake miƙewa da ƙyar ya taɓo ƙarfen sama? Tsayinsa mita 2.44 ne. Wannan mutumin ya tsallake samansa da santimita ɗaya, da jikinsa gaba ɗaya. Ya girgiza kai ya ce "wannan sai dai a bincika, ba shi kaɗai ba ne."

A nan ne na gaya masa abin da ya sa ya ɗauki aikin da zafi, kuma gaskiya na faɗa ba daɗin baki ba, na ce sana'arka ce ta canza wasan nan. Da can a ƙasashen Turawa ma a kan yashi ko dusar katako ake dira, irin wadda take jibge a ƙofar shagonsa, don haka dole mai tsalle ya nemi yadda zai sauka da ƙafa ko da hannu, shi ya sa gwanayen wancan zamanin suke ƙetarewa da ciki, su kifa a kan sanda kamar mai hawa katanga su mirgina. Valeriy Brumel na Tarayyar Sobiyet da wannan salon ya kai 2.28 a 1963. Da aka fara zuba soso a wurin saukar, sai wani ɗan sakandare a jihar Oregon ta Amurka, Dick Fosbury, wanda wancan salon ya gagare shi, ya fara faɗawa ta baya, ana yi masa dariya, har ya je gasar Olamfik ta Meziko a 1968 ya ci zinare da 2.24. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne shi Fosbury ɗin bai taɓa riƙe tarihin duniya ba, 2.24 ɗinsa ma bai kai na Brumel ba, sai a 1973 Dwight Stones ya fara kafa tarihi da salon, 2.30. Masu tsohon salo ba su sallama da wuri ba, Vladimir Yashchenko ya yi 2.34 da ciki a 1978, amma daga kansa aka rufe, duk wanda ya kafa tarihin maza bayansa ta baya ya wuce. Dalilin kuwa a fili yake in ka rage gudun bidiyo ka duba, mai tsalle ta baya lanƙwashewa yake kamar baka, kai ya wuce ya fara gangarawa, sannan ƙugu, sannan ya fizge ƙafafu, ba a taɓa samun lokacin da duk jikin yake saman sanda gaba ɗaya ba, don haka ba sai ya ɗaga nauyinsa can sama sosai ba. Amma fa da wuya da gadon baya ake sauka. In ba soso, ba wannan maganar. Alhaji ya gyara zama ya ce "ashe mu ma muna cikin tarihi."

To mu dawo kan aikin. Girman da hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta gindaya wa manyan gasa shi ne kar ta gaza mita 6 a tsayi, 4 a faɗi, kauri santimita 70. Mu ina muka ga kuɗin wannan, kuma yaranmu ba daga sama da mita biyu suke faɗowa ba. Muka tsaya a kan gida uku, kowanne ƙafa takwas da ƙafa biyar, in an jera su ya ba da ƙafa goma sha biyar da takwas, kauri inci ashirin. Na nace sai ta kai sha biyar ɗin nan saboda sandar tsalle mita huɗu ce, dole katifa ta zarce ta ta kowane gefe. Shi da farko cewa ya yi a cika ta da gutsattsarin soso kamar yadda ake yi wa filo, zai fi sauƙin kuɗi, na ce a'a, gutsattsari guduwa yake gefe, wata biyu tsakiya za ta zama rami. Abin da muka yi, soso mai tauri aka yanka dogo-dogo aka jera a ƙasa, layi ɗaya a miƙe layi ɗaya a gicciye ana barin ƙofa a tsakani kamar jerin bulo mai shan iska, sannan aka ɗora shimfiɗa guda ta mai ɗan tauri, a can sama kuma mai laushi inci huɗu. Wannan jerin ni na gano shi a hoton wata katifar waje da aka buɗe cikinta, amma shi ya gane hikimar kafin in gama bayani, har ya gyara min, ya ce a manne mahaɗar da gam in ba haka ba za su zame. A wajen sanin soso kam ba ni da abin cewa, da yatsa yake dannawa ya gaya maka wanne ne zai shekara wanne ne zai mutu, kuma ya bar ni na bi shi wajen saye na ga abin da aka ɗauko da idona.

Kuɗi ba zan rubuta adadi ba, don farashin soso yau daban gobe daban, in na faɗa wani ya je ya ji sama da haka ya ce ƙarya nake. Amma duka da ladan aiki da mota bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka yanka min a ta waje ba.

Inda muka fara samun matsala lokaci ne. Sati biyu ya ce min. Sati biyar aka yi. Yau babu wuta, gobe telan tampol ya tafi ɗaurin aure, jibi in na je sai in tarar sosonmu a jingine a lungu suna ta fama da kujerun amare, saboda bayan sallah ne lokacin biki, kuma ka san uwar amarya ta fi malamin makaranta iya tsayawa a kan mutum. "Gobe in sha Allahu Malam" na ji ta har na haddace muryar. Duk mai son ya ba da irin aikin nan ya ba da tun zangon farko, kar ya jira inta-haus ya matso, kuma kar ya biya kuɗin aiki duka a gaba.

Da aka kawo ta a akori-kura yara suka yanyame ta kamar an kawo amarya, ni kuma na ce ba wanda zai hau sai na gwada. Na tsaya a gefe na faɗa ta baya. Jama'a kamar na faɗa kan tayar tirela. Ta cilla ni sama na dawo, haƙorana suka haɗu. Ashe telan ya ɗinke tampol ɗin ruf ko'ina, iska ba ta da hanyar fita, duk ƙofofin nan da muka bari a cikin soso sun zama banza, katifa ta koma balan-balan. Na kira shi raina a ɓace. A nan zan yaba masa, bai tsaya musu a waya ba, la'asar sai ga shi a kan babur, ya cire hula ya ba ni riƙo, dattijo da furfurarsa ya faɗa kan katifa a gaban 'yan aji ɗaya suna ta ƙyalƙyala dariya, ya tashi yana riƙe da ƙugu ya ce "Malam kana da gaskiya, ba ta numfashi." Ya mayar da ita, suka yanka tagogi a gefe da gefe suka ɗinke da raga mai ƙarfi. Da ta dawo sai ka ji bambanci, in ka faɗa sai ta yi wani huci fuuu ta karɓe ka a hankali, ba ta jefar da kai kuma ba ka jin ƙasa. Wannan gyaran bai karɓi ko sisi ba.

Matsala ta biyu laifinmu ne mu duka, ni ban hango ba shi ma bai hango ba. Gida uku ne, in ana ta faɗawa sai su rinƙa rabuwa, rannan ƙafar wata yarinya ta zurma tsakani har gwiwa, Allah ya sa a hankali ta zo. Sai da aka sa bel mai ƙugiya ta gaba da ta baya yana ɗaure su, aka kuma ɗinka shimfiɗa guda babba da take rufe saman duka ukun. Kuɗin tampol ɗin ni na biya. In za ka yi taka, ka sa wannan a cikin ciniki tun farko. Kuma don Allah kar ka zaɓi kala mai duhu, mu shuɗi mai duhu muka ɗauka wai don kar ya nuna datti, ranar Kano ta watan Maris da Afrilu kuwa ba ta san wannan ba, ƙarfe sha biyu in yaro ya kwanta a kai sai ya zabura kamar an ɗora shi a tanda. Dole muka mayar da atisaye safe.

Bayan zango biyu, manyan ɗinkunan ba inda ya farke, wannan na jinjina wa telan. Zif ɗin gida ɗaya ya mutu tun wata na biyu, ɗan ƙaramin zif suka sa irin na jakar makaranta. Hannayen ɗauka guda biyu sun tsinke, don a jikin tampol kawai aka ɗinka su maimakon a zagayo da bel ta ƙasa, kuma abin da nauyi, yara shida ne suke ɗaukar gida ɗaya. Na tsakiya ya ɗan fara lotsawa inda kowa yake sauka, sai muke juya su duk sati biyu, na gefe ya dawo tsakiya. Ƙurar hunturu tana shiga ta ragar, sai an kaɗe. Ɓera kuma ya gwada sa'arsa sau ɗaya a sito, yanzu a kan bencina muke ɗora ta. In maki zan bayar, bakwai cikin goma, ukun da na cire na jinkiri ne da zif da hannaye.

Amma abin da ya fi min komai ba a jikin tampol yake ba, a fuskar yara na gan shi. Da can in yaro ya taho rabin hankalinsa yana kan yadda zai sauka, sai ka ga ya rage gudu a taku biyun ƙarshe, ya ɗan noƙe, tsoro ya cinye tsallen tun kafin ya bar ƙasa. Satin farko ban ma sa sanda ba, faɗawa kawai suke ta baya daga tsaye har jikinsu ya yarda cewa ba abin da zai same su, sannan na ɗaura roba irin ta wando a madadin sanda, sannan muka fara koyon gudun kwana. Dogon yaron nan mai targaɗe, wanda da almakashi iyakarsa 1.45, ranar inta-haus ya wuce 1.63, mahaifiyarsa tana zaune a ƙarƙashin rumfa, ita ce ta fara tashi da guɗa. Na san 1.63 ba komai ba ne a idon duniya, Stefan Holm na Suwidin tsayinsa 1.81 ne kacal ya tsallake 2.40, wato santimita 59 sama da kansa, shi nake ba gajerun ajina misali da shi in sun ce wasan na dogaye ne. Amma santimita 18 a zango biyu a wajen yaro ɗaya, ba sabon takalmi ba sabon abinci, ni dai na san daga ina ta zo.

'Yan mata ma da suke gudun wasan sun shigo, da wandonsu dogo da ƙaramin hijabi, wata malama ce take tsaya musu. Yawancinsu har yanzu almakashi suke yi kuma ban takura musu ba, na ce musu Iolanda Balaș ta Romaniya da wani irin salon almakashi ta kafa tarihin duniya sau 14, ta kai 1.91 a 1961, tsayin da yawancin mazan garin nan ko da tsani sai sun yi tunani. Sun fi son labarin Yaroslava Mahuchikh 'yar Yukren, wadda ranar 7 ga Yulin 2024 a birnin Faris ta yi 2.10 ta karya 2.09 ɗin da Stefka Kostadinova ta Bulgeriya ta kafa a Rum tun 1987, shekara 37 ana jiran santimita ɗaya. Abin da ya burge su ba tsallen ba ne ma, wai yadda take shiga jakar barci ta kwanta a gefen fili tsakanin tsalle da tsalle, yanzu in na juya sai in ga sun baje a kan katifa wai suna hutun Mahuchikh. Na kuma gaya musu a nan gida Doreen Amata ta yi 1.95, don kar su ɗauka abin na Turawa ne kawai.

Maganar gida ta tuna min, tsohon shugaban makarantarmu da ya zo kallo ya ja ni gefe ya ce ko na san ɗan Najeriya ya taɓa cin zinare a wannan wasan a 1954, a gasar ƙasashen renon Ingila da aka yi a Vancouver ta Kanada, da tsallen 2.03, kuma takalmi ƙafa ɗaya ya sa, har aka rinƙa buga hotonsa a bangon littafin rubutu na 'yan makaranta. Na ce na sani ranka ya daɗe, Emmanuel Ifeajuna. Sai muka yi shiru mu duka, don mu a Arewa ba ta tsalle muka fi sanin sunan ba, ta juyin mulkin Janairun 1966 ne. Ya ce Allah ya ji ƙan su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, na ce amin, muka koma kallon yara.

Su kuwa yara takalmi ne damuwarsu, kullum Malam in na sayi mai ƙusa zan ƙara? Na ce takalmi yana da tasiri, har an taɓa yin rigima a kansa, a 1957 Yuri Stepanov na Sobiyet ya yi 2.16 da takalmi mai tudun ƙasa, daga baya hukuma ta sa iyaka a kaurin tafin takalmi. Amma a filinmu na ƙasa kambas ɗin gwanjo na Ƙofar Wambai ya wadatar, in dai ba ya santsi.

Sanda kuma ita ce har yanzu ban samu yadda nake so ba. Ta gaske ba ƙarfe ba ce, wani abu ne mara nauyi mai ɗan lanƙwasa, ba ta wuce kilo biyu. Mu bututun roba na masu famfo muke sawa, yana yin ciki a tsakiya, don haka daga tsakiyar nake aunawa ba daga jikin turke ba, haka ma dokar take, inda ya fi ƙasa nan ake aunawa. Na taɓa ganin makarantar da ta ɗora rodi, don girman Allah kar wanda ya yi haka, yaron da ya faɗo da gadon baya a kan rodi katifa ba za ta cece shi ba. Turakun mai walda ne ya yi mana a Ƙofar Ruwa, su ba su ba ni matsala ba.

A wasan 'yan ƙananan aji ma an yi abin dariya, yara biyu suka yi kunnen doki, kowa ya wuce 1.35 kowa ya faɗi sau uku a na gaba, na ce a sake zagaye a raba gardama, sai ɗayan ya ce "Malam a ba mu mu biyu mana kamar Barshim." Ashe sun ga na Tokiyo na 2021, inda Barshim da Gianmarco Tamberi na Italiya suka wuce 2.37 tare, 2.39 ta gagare su, suka yarda a raba musu zinare. Na ce su can zinare biyu gare su a ajiye, mu kofi ɗaya muka sayo a Sabon Gari. A ƙarshe ɗaya ya ɗauki kofi ɗaya ya ɗauki bokiti da dozin ɗin littafi, kuma na bokitin ne ya fi murna.

Satin da ya wuce na mayar da gida ɗaya shagon don a gyara hannaye a canza zif. Layin allin nan yana nan a bango, har ma sun bi shi da jan fenti, ƙaramin yaron shagon wai kullum da safe sai ya yi tsalle ya mare shi kafin ya fara shara. Alhaji ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce "Malam, ɗan Kyuban nan har yanzu ba a kayar da shi ba?" Na ce har yanzu, Barshim ne ya fi matsowa da 2.43 a 2014, shi ma ya tsaya nan. Ya ce to Allah ya sa a cikin yaranka za a samu, ka dawo ranar Alhamis in sha Allahu ka ɗauki kayanka. Yau Asabar, na kira sau biyu, wai telan ya tafi suna.